Ya faɗa mata shi ba mutum ba ne, daga nan labarin ya mutu: ina gyaran yake?

Tambayarki a taƙaice dai ita ce, kina rubuta nobel na matasa kina sakawa babi-babi, yarinya 'yar shekara 17 ta kamu da son wani sabon ɗalibi a makarantarsu, ashe mai shan jini ne, wato vampire na labaran Turawa, da ya shekara 300 a duniya. Masu karatu suna ta zumuɗi har babi na 10 inda ya tona mata asirinsa, daga nan kowa ya yi sanyi, ke kanki kin rasa me za ki rubuta. Sannan ƙawarki ta ce ita jarumin naki tsoro yake ba ta maimakon ya burge ta. Shine kike tambaya ko ki ƙara wani saurayin su zama biyu suna takara a kanta.

Toh ƙanwata, kar ki ƙara kowa tukunna. Gyaran rubutun masu tasowa shine aikina, irin wannan labarin ya sha biyowa ta hannuna, kuma kusan kullum a wuri ɗaya yake karyewa, daidai inda naki ya karye. Sirrin nan shi kaɗai ne ya riƙe miki labarin tun daga babi na ɗaya. Tambayar "wai shi wannan yaron wane ne" amsa ɗaya gare ta, ana bada ita shikenan ta ƙare. Wadda za ta iya ɗaukar miki babi talatin ita ce, yanzu da ta sani, me wannan son zai ci mata, me zai ci masa? In ba ki shirya amsar wannan ba tun kafin ki fara, ko samari biyar kika zuba a ciki labarin ba zai tashi ba.

Kuma fa ki sani mai karatu ya riga yarinyar sanin komai. Wadda ta ɗauki irin wannan littafin ta ga bangonsa, ta karanta bayanin baya, tun da kika ce hannunsa sanyi ƙalau kuma ba a taɓa ganin ya ci komai ba ta gama ganewa. Abin da take jira shine ta ga fuskar jarumar lokacin da ita ma ta gane, da abin da za ta yi washegari. Shiyasa ni a ganina babi 10 ya yi nisa, in littafin zai kai babi 30 ki tona asirin wajen babi na 6 ko 7 ki bar sauran filin ga abin da zai biyo baya.

Tsofaffin labarai ma haka suke yi, ki duba ki gani. Labarin Psyche da Cupid da Apuleius ya rubuta da Latin a ƙarni na 2, Psyche yarinya ce aka aura mata Cupid, ɗaya daga cikin allolin Rumawa, mijin da ba ya zuwa sai cikin duhu kuma an hana ta ganin fuskarsa, yayyenta suka zuga ta ta kunna fitila, ɗigon mai mai zafi ya faɗa masa a kafaɗa ya farka ya gudu. Da marubuci mai sauri ne a nan zai rufe. Amma a nan wahalarta ta fara, uwarsa Venus ta dinga ɗora mata ayyukan da ba sa yiwuwa, daga tsince tulin ƙwayoyin da aka cakuɗe har aikenta lahira ta karɓo akwati. Haka tatsuniyar Farar Macijiya ta ƙasar Sin, macijiya ce ta rikiɗa ta zama mace ta auri wani saurayi Xu Xian a birnin Hangzhou, ranar da ya ga ainihin siffarta tsoro ya kashe shi nan take, ita kuma ta tafi ta sato ganyen magani ta dawo da shi, kuma bayan ya san ko ita wace ce ya ci gaba da zama da ita har wani malamin addinin Buddha mai suna Fahai ya raba su ya kulle ta ƙarƙashin hasumiyar Leifeng. Kinga a duka biyun tonon asirin a tsakiya yake, mafi daɗin labarin yana bayansa.

Yanzu ga inda nake zargin matsalarki take, duk da ban karanta rubutun ba: inaga jarumin naki ba abin da zamansa mai shan jini yake hana shi. Kyakkyawa ne, mai kuɗi ne, yana da ƙarfi, yana gudu kamar iska, ba ya tsufa, ba ya ciwo. Toh in haka ne wace yarinya ce za ta yi wata-wata? Ba rikici kenan, kuma inda ba rikici ba labari.

Wannan abun yana da tarihi. A asalin camfin gabashin Turai mai shan jini gawa ce kumburarriya da ke tashi daga kabari ta addabi danginta, a 1725 har ma'aikatan daular Ostiriya suka rubuta rahoto kan wani ƙauye a Sabiya da mutane suka tono gawar wani mutum suka soke ta saboda wannan tsoron. Ba mai son wannan. John Polidori, likitan mawaƙi Byron, shi ya sa masa kayan manya a 1819 ya maida shi basarake mai shiga taro yana yaudarar mata. Bram Stoker ya fito da Dracula a 1897 har lokacin dodo ne. A 1976 Anne Rice ta ba shi baki ya bada labarin kansa, ya zama mai nadama da damuwa. L. J. Smith ta shigar da shi makarantar sakandare a 1991, sai Stephenie Meyer ta fitar da Twilight a 2005, fim ɗinsa ya fito a 2008, daga nan kasuwa ta cika maƙil, a 2009 kaɗai an ga na masu rikiɗa kyarkeci an ga na mala'ikun da aka koro daga sama irin na tunanin Turawa, kowa da nasa. A kowane mataki ana rage masa muni ana ƙara masa kyau, har masu kwaikwayo na baya suka rage komai suka bar saurayi mai kyau kawai da dogayen haƙora. Amma ko Twilight ɗin da ake kwaikwaya bai cire yunwar ba, gaba ɗaya littafin farko a kan haka ya tsaya, yana sonta kuma ƙamshin jininta yana neman fin ƙarfinsa. Wannan shi masu kwaikwayo suke mantawa.

Dan haka kafin ki ƙara rubuta layi ɗaya ki zauna ki rubuta wa kanki dokokinsa. Me yake ci, duk kwana nawa, a ina yake samu, wa ke cutuwa in ya samu? In ya daure bai sha ba me ke faruwa da jikinsa da hankalinsa a rana ta uku, a rana ta bakwai? Me ba zai taɓa iya yi da ita ba wanda kowane saurayi na banza zai iya? Wa ya sa ido a kansa cikin 'yan uwansa, kuma mene ne hukuncin wanda ya faɗa wa ɗan adam sirri? Dokar da kika kafa kuma kar ki karya ta dan kawai kin shiga lungu kina neman hanyar fita, masu karatu suna yafe abubuwa da yawa amma wannan ba sa yafewa. In za a karya sai an biya, kuma a biya da abu mai ciwo.

Ki ma tambayi kanki ko mai shan jinin ne ya dace da abin da kike son faɗa, dan kowace halitta da irin ciwon da take ɗauke da shi. Mai shan jini labarin yunwa ne da kame kai. Mai rikiɗa kyarkeci labarin fushi ne da jikin da ya ƙi bin umarnin mai shi, ga kuma biyayya ga garke, shiyasa yake shiga ran yaro ɗan 15 da muryarsa ke fashewa yana jin kansa baƙo a jikinsa. Fatalwa labarin rashi ne, kina ganinsa kina jinsa ba za ki taɓa riƙe hannunsa ba. Aljani ko mutanen ɓoye kuwa labarin alkawari ne da sharaɗi, kin ce eh a kan abin da ba ki gama fahimta ba. In abin da ke cin ranki a labarin shine rabuwa, wataƙila fatalwa kike rubutawa kika sa masa haƙora.

Abin da yasa 'yan mata masu tasowa suke haukar irin waɗannan littattafan ba wauta ba ce, kuma ina jin haushi in na ji manya suna musu dariya. A shekara 15, 16, son farko yana zuwa ne kamar mutuwa da rayuwa, kowa yana ce miki yarinta ce zai wuce, sai ga littafin da ya ɗauki abin da nauyin da kike jinsa, a cikinsa da gaske ana iya mutuwa saboda so, "har abada" kuma da gaske har abadan ne. Ga sha'awa da tsoro da suke zuwa tare a wannan shekarun, yarinya tana so a matso kusa da ita kuma tana tsoron matsowar, sai littafin ya ba ta saurayin da shi ma yake tsoron matsowa, ya zama tana iya jin abun daga nesa ba tare da ya cutar da ita ba. Ga kuma babban, yarinyar da ba wanda ya lura da ita a aji sai wanda ya ga duniya kaf ya ce ita ya zaɓa. Waɗannan buƙatu ne na gaskiya, kuma saboda na gaskiya ne yasa amanar da ke kanki take da nauyi, dan da yawa daga masu karanta ki ba su taɓa yin soyayya ba, a wajenki suke ɗaukar darasin farko na yadda so yake kama.

Wanda ya kawo mu maganar ƙawarki, kuma ina tare da ita tun kafin in karanta. Akwai bambanci tsakanin hatsarin da ke fitowa daga abin da shi yake, da wanda ke fitowa daga yadda yake mu'amala da ita. Na farkon shine man da ke tafiyar da labarin. Na biyun kuma cutarwa ce kawai da aka yi wa kwalliya. Gwajin da nake ba kowa mai sauƙi ne, ki ɗauki kowane abu da ya yi mata ki cire ƙarfin ɓoye a ciki, ki ce yaro ne ɗan ajinsu. Ya shiga ɗakinta da dare ba ta sani ba yana kallonta tana barci. Ya bi ta a baya duk inda ta je. Ya hana ta ganin abokinta, ya karanta saƙonnin wayarta, ya yanke mata hukunci ya ce dan lafiyarta ne. In ɗan ajinsu ne ya yi wannan me za ki ce mata? Toh shekara 300 ba ta wanke shi ba. Wannan ita ce sukar da aka daɗe ana yi wa Twilight ɗin kansa, a littafin farko jarumin Edward, mai shan jinin, yana shiga yana kallon jarumar Bella tana barci ba da saninta ba, a na uku har motarta ya lalata dan kar ta je wajen abokinta Jacob. Hausawa sun ce so hana ganin laifi, jarumarki tana iya kasa gani, ke marubuciya ba ki da wannan uzurin.

Ba cewa nake ki maida shi waliyyi ba fa, jarumin da ba ya kuskure ya fi kowa gundura. Ya yi laifin, amma labarin ya san laifi ne. Ta gano yana bin ta, ranta ya ɓaci da gaske, ta daina kula shi babi uku, ƙawarta ta faɗa mata gaskiya, shi kuma ya koyi tambaya kafin ya yi. Wallahi wurin da halitta mai ƙarfin da zai iya ɓalle ƙofa da yatsa ɗaya ya tsaya a bakin ƙofar yana jira a ce masa shigo, ya fi duk wani faɗa da za ki rubuta sa zuciya bugawa, kuma ga shi tsohon camfin ma ya ba ki wannan kyauta, an ce mai shan jini ba ya shiga gida sai an gayyace shi. Ki yi amfani da shi, ki bar ikon cewa a'a a hannunta tun daga farko har ƙarshe.

Sai shekarun. 300 da 17, wannan sai kin yi tunani. Edward an haife shi 1901 aka juya shi 1918 lokacin annobar mura yana ɗan 17, wato ya haura ɗari lokacin da ya haɗu da Bella, kuma har yau ana muhawara a kai. Naki ya ninka nasa kusan sau uku. Ko dai hankalinsa ya girma da shekarunsa, toh dattijo ne ke neman yarinya kuma mai karatu mai wayo za ta ji wani iri ko ba ta iya faɗin dalili ba, ko kuma ya daskare a 17 ɗin, in haka ne sai ki nuna mana, ya kasance har yanzu yana da rawar kai da saurin fushi da rashin sanin ya kamata irin na yaro, kuma wannan daskarewar ta zama masifarsa, kowa yana wucewa gaba shi yana nan. Ni dai da ni ce zan rage. Wanda aka juya shekara biyar ko goma da suka wuce, iyayensa suna raye suna zaton ya mutu, ƙanensa ya girme shi a fuska, yana iya tsayawa a nesa ya hango gidansu amma ba halin ya shiga, wannan ya fi taɓa zuciya nesa ba kusa ba, kuma ya rage miki wahalar bayanin me yasa wanda ya ga ƙarni uku yake zaune a aji yana koyon lissafi.

Ita kuma yarinyar, me take so kafin ya zo? Ki amsa da abu takamaimai, tana son ta ci jarrabawa ta karanci likitanci, tana kula da ƙaninta mara lafiya, tana son ta shirya da babanta da suka daina magana. In ba ta da komai sai shi, ranar da za a ce ta zaɓa tsakaninsa da rayuwarta ba abin da za ta ajiye, zaɓin ya zama na banza. A littafi na biyu na Twilight bayan Edward ya tafi akwai shafukan da ba komai a kansu sai sunan wata, Oktoba, Nuwamba, Disamba, Janairu. Dabara ce mai ƙarfi wajen nuna baƙin ciki, na yarda, kuma duk wadda aka taɓa bari ta san wannan jin. Amma ni zan so in ga jarumarki ko a cikin wannan duhun tana da wani abu da ke tada ta da safe. Kar ki kashe mata ƙawaye daga babi na 5, kar uwarta ta zama hoto a bango. Ƙaryar farko da za ta yi wa uwarta saboda shi babi guda ce cur, kuma a nan mai karatu za ta fara jin abin da son yake ci.

Batun saurayi na biyu kuwa, yana aiki ne kawai in su biyun rayuwa biyu ne daban take zaɓa a tsakani, ɗaya tsufa da 'ya'ya da hasken rana, ɗaya dawwama da ɓuya. In dan kishi kawai za ki kawo shi, bar shi.

Tunda babi-babi kike sakawa, ki lura da yadda kike rufe kowanne. Suma da ƙarar fashewar gilashi da "sai ta ga wata inuwa" suna aiki sau ɗaya sau biyu, daga nan mutane su gane wayon. Rufewar da ke dawo da mutum ita ce wadda jarumar ta yanke shawarar da ba ta da dawowa, ta goge saƙon, ta buɗe tagar, ta ce wa ɗan sanda ba ta ga kowa ba alhali ta gani. Kuma tunda matasa kike wa rubutu ki riƙe alƙalaminki wajen kusantar jiki, ba ki ma buƙatarsa, duk zafin wannan nau'in yana cikin tazarar da ke tsakaninsu ne, ranar da kika rufe ta kin kashe wutar da hannunki.

Ki yanke ƙarshen labarin yanzu kafin ki ci gaba, ko ba za ki faɗa wa kowa ba. Ko ta zama irinsa, toh sai ta rasa wani abu da muka riga muka so tare da ita. Ko shi ya koma mutum ya karɓi ciwo da tsufa da mutuwa. Ko su zauna a yadda suke ita tana tsufa shi yana nan, ko su rabu suna son juna. Duk huɗun suna yiwuwa, wanda ba na so shine a ba ta komai kyauta, dawwama da kyau da iyali da ƙawaye ba a taɓa ko ɗaya ba.

Babi na 11 ɗinki kuma ga yadda zan so ki gwada shi: kar ki sa shi a ciki sam. Washegarin ranar da ya faɗa mata, ita kaɗai, ta tashi ta shirya ta tafi makaranta da wannan abun a cikinta, tana kallon kowa tana lissafin wa ya sani wa bai sani ba, sai ta tuna ɗalibin nan da ya ɓace watanni biyu da suka wuce aka ce guduwa ya yi. In babu irin wannan ɗalibin a babobinki na baya ki koma babi na 2 ki dasa shi, layi biyu sun isa. Daga nan tana da tambayar da dole ta yi masa kuma tana tsoron amsar, ke kuma kina da abin rubutawa har babi na 20. In kin rubuta ki ba ƙawar taki ta fara karantawa kafin ki saka.